Komawa Ga Littattafan Alhaji Abubakar Imam Bayan An Girma

Daga Wakilinmu

Da wuya a sami ma'aikacin gwamnati ko ɗalibi a ƙasar Hausa wanda bai taɓa riƙe Ruwan Bagaja ko Magana Jari Ce ba tun yana firamare. Amma in ka bincika, mafi yawanmu tun da muka bar aji ba mu sake buɗe su ba, sai dai a tuna da Malam Zurƙe a yi dariya a wuce. Alhali kuwa littafin da yaro ya karanta don nishaɗi, in ya koma masa da furfura a gemu, wata magana dabam zai tarar tana jiransa.

An haifi Alhaji Abubakar Imam a Kagara cikin 1911, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya kuma koyar a Makarantar Midil ta Katsina. Yana wannan aiki ne aka shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 a ƙarƙashin Dokta Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya. Gasar nan ce ta haifar da Ruwan Bagaja, tare da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da kuma Jiki Magayi. Daga bisani aka kira shi Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, wanda aka fara bugawa a 1937. A 1939 ya zama editan Hausa na farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo.

To, mene ne babba zai gani wanda yaro bai gani ba? Mu ɗauki Magana Jari Ce na ɗaya. Abin da yaro ke ɗoki shi ne labaran da ke ciki, sai ya riƙa tsallake hirar da ke tsakaninsu don ya kai ga na gaba. Nan kuwa gizo ke saƙa. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida, ga Waziri maci amana yana neman hanyar da zai fitar da yaron daga fada ya hallaka shi. Macen aku ta gaya wa Musa gaskiya kai tsaye cewa kada ya fita, ya fusata ya kashe ta. Shi kuwa aku da ya ga haka, bai taɓa ce masa a'a ba. Kullum dare sai ya nuna kamar ya yarda, ya jawo labari, har gari ya waye tafiya ta fasu. Da haka ya tsare ran ɗan Sarki, har daga ƙarshe aka naɗa shi Waziri.

Duk ma'aikacin da ya taɓa tsayawa gaban maigidansa da shawarar da ya san ba za a so ji ba, ya san wannan hali. Gaskiyar tsuntsayen nan biyu ɗaya ce, hanyar faɗinta ce ta bambanta. Aku bai sayar da amanar Sarki don ya faranta wa Musa ba, bai kuma jefa kansa cikin halaka a banza ba. Ba abin mamaki ba ne mai wannan alƙalami ya zama ɗan majalisa, ya kuma yi aiki a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa. Ya san fada, ya san ofis.

Haka nan Ruwan Bagaja. Muna yara, abin da ya dame mu shi ne wa zai yi wa wani wayo tsakanin Alhaji da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Sai an girma ake lura da abin da ya fitar da Alhaji daga gida tun farko, wato wulakancin da aka yi wa Liman a gaban Sarki don ya ce akwai ruwan da zai warkar da ɗan Sarki. Ashe duk doguwar tafiyar nan ta wanke mutuncin dattijo ce.

Ga ɗalibai kuma akwai wata ribar. Masana sun nuna cewa Malam Abubakar ya ɗebo wasu labaransa daga Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Jamus, amma ya sa musu riga da rawani har ba mai ce musu baƙi. Mai neman ya iya fassara, ko rubuta takardar ofis da Hausa mai daɗin ji, to, ga makaranta nan kyauta. A dubi yadda yake saka karin magana daidai gurbinta, da yadda bafade da malami da ɓarawo kowa ke magana da irin bakinsa.

Alhaji Abubakar Imam ya rasu a 1981, amma littattafansa na nan ana samunsu. Shawararmu ita ce kowa ya nemi nasa, ya karanta a tsanake, kada ya tsallake hirar aku da Musa, sa'an nan ya miƙa wa 'ya'yansa. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.