Yadda Ake Wasan 'Yan Diragon Masu Ƙiriniya a Kan Tebur

Mutum huɗu ko biyar ne ke zama su kewaye tebur, kowa da takarda da fensir a gabansa, a tsakiya kuma ga 'yan dayis irin na lido. Babu allon talabijin, babu kwamfuta, kuma babu wanda zai tashi yana cewa ya cinye wani. Ɗaya daga cikinsu shi ne jagora, shi ke faɗin inda ake da abin da ke faruwa. Sauran kuwa kowa ya ɗauki hali ɗaya a cikin labarin, ya zama bakinsa da ƙafarsa. Irin wasan ke nan da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974 da sunan Dungeons & Dragons, ta hannun kamfanin TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wisconsin. Diragon ɗin da ke cikin sunan wani dodo ne na tatsuniyoyin Turai, mai jikin ƙadangare da fuka-fukan jemage, mai aman wuta, mai kwanciya a kan tulin zinariya. A al'adar wasan, shi ne babban abokin gaba da jarumai ke tunkara a ƙarshen tafiya.

Daga baya wasu suka juya abin. Maimakon tsohon dodo mai ban tsoro, sai aka kawo ɗan ƙarami wanda bai daɗe da fasa ƙwai ba, aka ce ko 'yan wasa su yi renonsa, ko su zama shi ɗungurungum. TSR da kanta ta fitar da Council of Wyrms a 1994, inda ɗan wasa ke zama diragon. A 2000 Bruce Cordell ya rubuta The Sunless Citadel, wanda har yau ake tunawa da shi saboda wani ɗan taliki mai suna Meepo da ke kuka don an sace masa ɗan farin diragon da aka ba shi kiwo, Calcryx. Abin dariyar shi ne, idan aka sha wahala aka je ceto, sai a tarar Calcryx ba ya marmarin komawa hannun mai kiwonsa. Akwai kuma Epyllion na Marissa Kelly, daga kamfanin Magpie Games, wanda tun daga tushe an gina shi ne a kan tawagar 'yan diragon da ke yawo a ƙasar Dragonia suna warware matsalolin manya.

Matakin farko shi ne a tsayar da shekarun ɗan diragon, domin daga nan komai ke tashi. Littafin dodannin Dungeons & Dragons na bugu na 5, wanda ya fito a 2014, ya kasa rayuwarsu gida huɗu: jariri har zuwa shekara 5, matashi daga 6 zuwa 100, baligi daga 101 zuwa 800, tsoho kuwa daga nan zuwa sama. Wasan raha na jarirai ne. Dalili kuwa, jaririn diragon yana da ƙarfin da zai ƙone rumfar kasuwa da atishawa ɗaya, amma ba shi da hankalin da zai san yadda ake kashe wutar. Idan ka ba yara baligin diragon, babu ƙofar da za ta gagare su, babu mai gadin da zai tare su, kafin rabin sa'a labari ya mutu.

Sai a zaɓi iri. Dungeons & Dragons ya raba su biyu: masu launi, wato ja da shuɗi da kore da baƙi da fari, waɗanda galibi mugaye ne, da masu fatar ƙarfe irin su zinariya da azurfa da tagulla, waɗanda galibi na kirki ne. A cikin na ƙarfen, na jan ƙarfe shi ne uban tsokana, mai son barkwanci da kacici-kacici, yana kuma jin haushin wanda bai yi dariyar zancensa ba. Na farin ƙarfe kuwa surutu ne cutarsa, idan ya kama baƙo da hira sai dai a ƙwace shi. Akwai ma wani ɗan ficili mai fuka-fukan malam-buɗe-littafi, wanda ke ɓacewa daga gani, ya hura wa mutum wani tururi da zai sa shi ya yi ta shirme cikin annashuwa. Duk wanda ya taso da labarin Gizo zai gane wannan hali: wayo mai yawa, haɗama, da dabarar da kan koma kan mai ita.

Kowane ɗan wasa zai rubuta suna da siffa a takardarsa, da lambobin da ke nuna ƙarfinsa da zafin namansa da juriyarsa da basirarsa da lurarsa da farin jininsa. Shawarata ita ce a ƙara layi ɗaya wanda ya fi duk lambobin amfani: me wannan ɗan diragon yake tarawa? Manya zinariya suke tarawa. Jariri bai san darajar zinariya ba, don haka wani cokula yake kwashewa, wani maɓallan riga, wani takalman ƙafar hagu kaɗai. Da zarar an rubuta wannan, jagora ya sami igiyar da zai riƙa ja. Ya isa ya ce magajin gari na sanye da riga mai maɓallai masu ƙyalli, sai ya zauna ya zuba ido.

Aikin jagora na gaba shi ne ya shirya matsala ƙarama. Ba a buƙatar duniya ta zo ƙarshe. A ce gobe ne bikin girbi a wani ƙauyen gindin dutse, ƙararrawar hasumiya ta ɓace, mutanen gari kuma sun ɗora laifin a kan 'yan diragon saboda an san halinsu. Dole su nemo ta kafin gari ya waye. Jagora ya tanadi wurare uku ko huɗu, da mutum biyu ko uku masu abin da suke so, kamar mai gasa burodi da ya ga ɓarawon amma ba zai yi magana ba sai an biya shi kuɗin zumar da aka shanye masa. Kada ya rubuta yadda za a warware. Wannan na 'yan wasa ne, kuma kusan kullum hanyar da za su ɓullo da ita ta fi wadda ya yi tunani daɗi.

Yanzu mu zo ga dayis, inda ainihin aikin yake. Ba kowane motsi ake jefa wa dayis ba, sai wanda zai iya lalacewa. A Dungeons & Dragons ana jefa mai fuska 20, a ƙara lambar da ke takarda, a gwada da lambar da jagora ya sa: 10 ga abu mai sauƙi, 15 ga matsakaici, 20 ga mai wuya. Ka kai, ka yi nasara. Ba ka kai ba, ka faɗi. Epyllion kuwa ya bi tsarin da ya samo asali daga Apocalypse World na Vincent da Meguey Baker, na 2010, inda ake jefa dayis biyu masu fuska 6 a haɗa. Idan jimillar ta kai 10 ko fiye, ka samu abin da kake so. Daga 7 zuwa 9, ka samu amma da tsada. Daga 6 zuwa ƙasa, jagora ne zai faɗi abin da ya same ka.

A yi lissafi kaɗan a ga dalilin da ya sa tsari na biyu ya fi dacewa da ƙiriniya. Dayis biyu na iya faɗuwa ta hanya 36. Idan babu ƙarin komai, 6 ne kawai daga ciki ke ba da 10 ko fiye, 15 na faɗawa tsakanin 7 da 9, sauran 15 kuma faɗuwa ce. Idan ɗan wasa na da ƙarin 1, sai ya zama 10 cikakkiyar nasara, 16 nasara mai tsada, 10 faɗuwa. Wato abin da ya fi yawan fitowa shi ne ka yi nasara amma ka bar ɓarna a baya. Mu ce mai tara cokula ya shiga ta tagar gidan mai burodi don ya saurari hira, ya jefa ya sami 8. Jagora zai ce ya ji sunan ɓarawon sarai, amma jelarsa ta ture buhun fulawa, yanzu ya fito fari fat, matar gidan kuma ta fita da gudu tana ihun ta ga fatalwa. An sami bayani, an kuma sami sabuwar matsala da babu wanda ya shirya ta.

Ko da da mai fuska 20 ake wasa, jagora na iya aron wannan dabara. Wanda ya kasa da maki ɗaya ko biyu, a ba shi abin da ya nema tare da wani abin kunya. Abin da bai kamata ba shi ne a ce masa kawai ka kasa, a wuce ga na gaba. Yaro ɗan shekara takwas da aka gaya wa haka sau uku a jere zai ajiye fensir ya tafi.

Aman wuta ma yana da ƙa'ida. A Dungeons & Dragons, bayan diragon ya fesa sau ɗaya, sai an jefa dayis mai fuska 6 a kowane zagaye, ba zai sake ba sai 5 ko 6 ta fito. An yi dokar ne don yaƙi, amma a wasan raha tana ba da dariya kyauta: ɗan diragon ya tsaya gaban karen gadi ya cika baki, ya buɗe maƙogwaro, sai ɗan hayaƙi ya fito da tari.

Batun mutuwa, ni dai ina ganin a cire shi gaba ɗaya daga irin wannan tebur. Hukuncin da ya dace shi ne a kama ka a sa ka wanke tukwanen biki, ko wata tsohuwar diragon ta tsare ka da wa'azin sa'a uku, ko a ƙwace maka cokali mafi soyuwa a taskarka. Epyllion ya ƙara wani abu mai kyau: kowane ɗan wasa na riƙe da 'yan duwatsun zumunci, yana miƙa wa abokinsa idan ya nuna halin da yake girmamawa, kuma waɗannan duwatsu ne ke ƙarfafa sihirin da suke samu daga watannin samaniyarsu. Wanda ya yi ta tsokana shi kaɗai bai kula da kowa ba, hannunsa zai zama wayam a lokacin da ake buƙatarsa.

Manya kan yi sa'a uku ko huɗu a zama ɗaya, amma da yara sa'a ɗaya ta isa. Kafin a tashi, jagora ya rubuta duk wanda aka ɓata wa rai da duk abin da aka fasa: mai burodi na bin kuɗin zuma da na fulawa, matarsa har yanzu ta yarda akwai fatalwa a ɗakin girki, rigar magajin gari saura maɓalli biyu. Daga wannan takarda zai ɗauko labarin mako mai zuwa.