Kayan Haihuwa Ba Su Cika Ba Sai Da Katin Lafiya

Uwargida, idan ciki ya kai wata bakwai kin san abin da za ki tanada: zannuwa, auduga, sabulu, kayan jariri, har da itacen wankan jego da kanwar kunu. Maigida kuma hankalinsa yana kan ragon suna. Abin da ba a cika tanada ba shi ne kuɗin da za a nema idan haihuwa ta zo da gardama. Mu ma'aikatan ɗakin haihuwa mun san yadda abin yake. Naƙuda ta daɗe, ko jini ya ɓalle, ko jijjiga ta taso, amma sai a zauna gida ana jiran gari ya waye a sayar da akuya ko buhun masara, ko a zaga dangi neman rance. Jinin da ke ɓallewa bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin awa 2 in ba a tsayar da shi ba. Ba ya jiran kasuwar Giwa ta ci.

A Nijeriya, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa wajen neman magani daga aljihun marasa lafiya da danginsu yake fitowa, a ranar da ciwo ya zo. Don a rage wannan nauyi aka kawo inshorar lafiya. Ki ɗauke ta kamar adashi. Bambancin kawai, a adashi kowa yana jiran ranar kwasarsa, a nan kuwa wanda lalura ta samu shi ake yi wa magani daga asusun, masu lafiya sun taimake shi, gobe shi ma ya taimaki wani.

An yi dokar shirin inshora na ƙasa a 1999, ya fara aiki a 2005, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo. Sai dai shekara da shekaru ma'aikatan gwamnatin tarayya ne suka fi cin moriyarsa. A Samaru abin a fili yake. Ma'aikacin Jami'ar Ahmadu Bello yana da kati, katin ya ɗauki matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu da ba su kai shekara 18 ba. Maƙwabcinsa mai sayar da tumatir a kasuwar Samaru, ko ɗan acaba, ko manomi a Bomo da Basawa, ba shi da komai, alhali matansu layi ɗaya suke bi ranar awo. Ko mai katin ma, in matansa biyu ne ko 'ya'yansa sun haura huɗu, sai ya ƙara kuɗi ya yi wa sauran rajista, kuma da yawa ba sa tunawa da haka sai amarya tana kan gwiwa.

Yanzu ƙofa ta ƙara buɗewa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, aka fara sa shi a kasafin kuɗi na 2018. Wani kaso na asusun nan ana biya wa marasa ƙarfi kuɗin inshora da shi: masu juna biyu, yara 'yan ƙasa da shekara 5, tsofaffi, masu naƙasa da talakawa. A 2018 Jihar Kaduna ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya, wato KADCHMA, ita ce ke yi wa irin waɗannan mutane rajista, tana kuma karɓar masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa da za su iya biyan kuɗin shekara da kansu. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka da ta kafa hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowa.

To, yaya za ki shiga? Ki fara daga ƙaramin asibitin gwamnati na mazaɓarki, ba daga babban asibiti ba. Ki tambayi shugaban asibitin ko ana rajistar KADCHMA, kuma ko kina cikin waɗanda gwamnati ke biya wa. Ki tafi da lambarki ta NIN, domin rashinta yana mayar da mata da yawa gida. Ki yi wannan tun cikin yana wata biyu ko uku. Suna yakan ɗauki lokaci kafin ya fito a jerin asibiti, wadda ta bari sai watan haihuwa ya kama tana iya haihuwa katin bai fara aiki ba.

Gaskiya guraben kyauta ba su kai yawan mabukata ba. In an ce sun cika, ki sake komawa, ki kuma yi wa kwamitin ci gaban mazaɓa ko mai unguwa magana, domin da su ake tantance mabukata. Maigida, in kana da 'yar sana'a, ka tambayi nawa ne kuɗin shekara na mutum ɗaya, ka auna shi da kuɗin tiyata da jini leda biyu. Ni a ganina gara rago ya ɗan ƙanƙance a ranar suna da a ce mai jego ba ta da kati.

Akwai abin da ke jawo ɓacin rai, gara ki san shi tun yanzu. Katin yana aiki ne hawa-hawa. Asibitin da kika zaɓa lokacin rajista, can za ki yi awo, can za a gwada jininki da fitsarinki, can za ki haihu in komai lafiya. In an ga hawan jini, ko jariri ya kwanta a gicciye, ko an taɓa yi miki tiyata, su ne za su rubuta takardar tura ki babban asibiti ko asibitin koyarwa da ke Shika. Ki riƙe takardar nan tare da katin awo a jaka ɗaya. Kuma ba kowane magani ko gwaji katin ke ɗauka ba, ki nemi a faɗa miki abin da ke ciki da abin da za ki biya. Wani lokaci za a ce magani ya ƙare, je ki saya a waje. In haka ta yawaita, kina da haƙƙin kai ƙara ga hukumar da ta yi miki rajista.

Game da tiyatar haihuwa, a watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ba da sanarwar yin ta kyauta ga mata marasa ƙarfi. Ana yin ta ne a asibitocin da hukumar NHIA ta tantance, don haka ki tambayi ungozomarki ranar awo wanne ne ya fi kusa da ke, maigida ma ya san sunansa da hanyarsa.

In kuwa jini ya ɓalle, ko ciwon kai mai tsanani ya zo da gani dishi-dishi, ko jariri ya daina motsi, ko naƙuda ta wuce awa 12, kada ki tsaya neman kati ko takarda. Dokar 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mara lafiyan da ke cikin halin gaggawa. A kawo ki asibiti mafi kusa nan take, tare da ɗan'uwa ko biyu da za su iya ba da jini.