Masu Kiwon Agwagi da Kare: Sana'ar da Haƙuri ne Jarinta

A bukukuwan manoma da ake yi a karkarar Birtaniya lokacin zafi, akwai wasan da ba ya rasa 'yan kallo. Makiyayi zai shigo fili riƙe da doguwar sanda mai lanƙwasasshen kai, kare baƙi da fari na biye da shi, a gabansu kuma ga agwagi takwas ko goma sun cure wuri guda. Da fito ɗaya karen zai zagaya bayansu, ya bi da su ta tsakanin ƙyamare, ya haurar da su wata 'yar gada, ya shigar da su akurki, ba tare da bakinsa ya taɓa gashin ko ɗaya ba. Yara na tafi, manya na dariya. Amma wanda ya san kiwo ya san cewa waɗannan 'yan mintoci sun ci shekaru ana gina su, kuma a bayansu akwai sana'a mai malamai da ɗalibai da kasuwa.

Asalin sana'ar kiwon tumaki ne a tsaunukan da ke kan iyakar Ingila da Sikotilan. A can tumaki na warwatsuwa a kan tuddai masu faɗi da sanyi, inda mutum ɗaya ba zai iya tattaro su da ƙafa ba. Saboda haka makiyayan suka daɗe suna zaɓen karnukan da suka fi iya tattara garke, suna haɗa su barbara, har aka sami irin da ake kira Border Collie. A shekarar 1873 aka yi gasar karnukan kiwo a garin Bala na yankin Wels, wadda ake lissafawa a matsayin mafarin irin waɗannan gasa. A 1893 aka haifi wani kare mai suna Old Hemp a hannun makiyayi Adam Telfer a Nosambalan. Abin da ya fitar da shi daban shi ne yana aiki shiru, ba haushi, ba cizo, tumaki na bin umarninsa da kallo kawai. Makiyaya suka yi ta kawo masa karyoyinsu, kuma a yau ana ɗaukarsa kakan wannan iri. A 1906 aka kafa ƙungiyar karnukan kiwo ta ƙasa da ƙasa, wadda har gobe take rajistar karnuka tana shirya gasa.

Sirrin aikin yana cikin halittar karen. Kerkeci idan zai yi farauta yakan bi matakai: ya hango dabba, ya kafe ta da ido, ya yi sanɗa, ya bi ta da gudu, ya cafke, ya kashe. Masanin halayyar karnuka Raymond Coppinger ya yi bayanin cewa kowane irin karen aiki ya gaji wani yanki na wannan jeri, an ƙarfafa masa wasu matakan an danne wasu. Shi Border Collie an bar masa ido da sanɗa da bi, an danne masa cafka da kisa. Shi ya sa za ka gan shi ya sunkuyar da kai, kafaɗu ƙasa, wutsiya a sauke, yana takawa a hankali. Agwagwa na ganin mafarauci sai ta matsa. Aikin makiyayi shi ne ya sarrafa wannan tsoro daidai gwargwado, yadda garke zai tafi ba tare da ya firgice ba.

Agwagin da aka fi amfani da su wasu ne dogaye masu tsayuwa a miƙe, da Turawa ke dangantawa da Indiya, alhali asalinsu tsibiran Indonesiya ne, irin su Jaba da Bali da Lombok. Ba sa tashi sama, ba sa rangaji irin na agwagwar gida, gudu suke yi, kuma duk inda ɗaya ta nufa sauran na manne da ita. A ƙasarsu ta asali mutane ne ke kiwonsu: makiyayi ya kora su gonakin shinkafa da safe, da dogon gora mai ƙyalle a kai, su wuni suna tsintar hatsin da ya zube da ƙwari da katantanwa, ya maido su da yamma. A wata gonar inabi da ake kira Vergenoegd, kusa da Sitelenbosh a Afirka ta Kudu, ɗaruruwan irin waɗannan agwagi ne ke fita kullum suna cinye katantanwar da ke ɓata itatuwa. Wannan ɗabi'a ta tafiya a dunƙule ita ta sa masu horar da karnuka a Turai da Amurka suka rungume su. Ba sa buƙatar fili mai faɗi, abincinsu bai kai na tumaki tsada ba, suna ba da ƙwai, kuma ana iya ɗaukarsu a bayan mota zuwa wurin biki. A Amurka ma akwai gasar kiwo da ake yi da agwagi, kamar yadda ake yi da tumaki da shanu.

Ranar mai wannan sana'a takan fara da dabbobi kafin ta kai ga horo. Ya buɗe akurki, ya sauya ruwa, ya duba ƙafafun agwagi, domin ƙafarsu ce wurin rauninsu. Kwikwiyo kuwa ba a gaggawar kai shi aiki. Watanninsa na farko na sabo ne da ubangidansa: ya san sunansa, ya zo in an kira, ya kwanta in an ce ya kwanta. Sai ya doshi shekara guda ake soma horo na sosai, galibi a ƙaramin fili mai shinge.

Darasin farko shi ne daidaito. Kare na ƙwarai da kansa yake zagayawa ya tsaya daura da makiyayi, garke na tsakaninsu. Makiyayi ya matsa dama, kare ya matsa don ya rufe wancan gefen. Malamin ba shi ya koya masa wannan ba, da shi aka haife shi. Abin da malami ke yi shi ne ya sa wa kowane motsi suna. Akwai kalmar zagayawa ta hannu ɗaya, akwai ta ɗaya hannun, akwai ta matsowa, akwai ta kwanciya, akwai kuma wadda ke nufin aiki ya ƙare, a dawo. Daga baya kowace kalma a ba ta fitonta, saboda fito ya fi murya kai wa nesa a kan tsauni. Mai karnuka biyu yakan ba kowanne nasa fiton daban don kada su rikice. Sannan a koya masa fita da faɗi, ya yi baka ya sauko bayan garke ba tare da ya ratsa shi ba. A koya masa kora garke gaba nesa da makiyayi, abin da ya saɓa wa son ransa na kawowa. A koya masa ware wasu daga cikin wasu. Kafin kare ya zama gwani akan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu ana wannan.

A nan ne agwagwa ke zama alƙali mai tsanani. Tunkiya na da nauyi, tana iya jure kuskuren taku biyu ko uku. Agwagwa kuwa taku ɗaya ya yi yawa sai garken ya fashe, taku ɗaya ya gaza sai ya sulale ta gefe. Kare mai zafin kai da ya kai cafka zai iya karya mata ƙafa ko fiffike nan take. Don haka mai agwagi ba ya barin horo ya yi tsawo. Mintoci kaɗan ne, a huta, a sauya wasu agwagin, a ba su ruwa da inuwa. Masu sana'ar ma ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Wasu na fara kwikwiyo da agwagi don ba za su tunkuye shi su karya masa zuciya ba, kamar yadda tunkiya mai ɗa kan yi. Wasu na ganin yawan aiki da agwagi na saba wa kare matsewa kusa da garke, har ya kasa buɗewa in ya je tsauni. Kowane ɓangare na da hujja, kuma gwanin malami yakan duba karen da ke gabansa kafin ya yanke.

Ilimi na biyu a sana'ar shi ne sanin wane kare ya dace da wane aiki, domin Bahaushe ya ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kelpie na Ostareliya ya iya zafin rana da dogon zango, kuma idan tumaki sun cushe a garka yakan hau ta bayansu da gudu ya isa gaba. Huntaway na Niyu Zilan da haushi mai ƙarfi yake kora dubban tumaki a kan tuddai. Karen shanun Ostareliya da Corgi mai gajerun ƙafafu na Wels duga-dugan shanu suke ɗan ciza su kauce wa harbi, aikin da zai halaka agwagwa. Karen makiyayan Jamus, wanda Max von Stephanitz ya kafa wa ƙungiya a 1899, asalin aikinsa sintiri ne a bakin makiyaya, ya hana tumaki shiga gonar mutane.

Akwai kuma waɗanda ba sa kora komai, gadi suke yi: Kangal na Turkiyya, Maremma na Italiya, da farin karen tsaunukan Firenis na Faransa. Tun suna kwikwiyo ake ajiye su cikin garke har su ɗauke shi danginsu. Tun 1994 wata ƙungiyar kare namun daji a Namibiya ke raba wa makiyaya karnukan gadi 'yan asalin Turkiyya, don su kori wani nau'in damisa mai tsananin gudu daga awaki, makiyayan su daina harbe ta. A wani ɗan tsibiri kusa da Warnambul a Ostareliya, an sa Maremma gadin tsuntsayen teku daga yanyawa tun 2006. A Holan kuwa akwai ɗan ƙaramin kare mai suna Kooikerhondje, wanda aikinsa yaudarar agwagin daji ne: yana wasa da farar wutsiyarsa a bakin tafki, su biyo shi har cikin tarko. Shi kuma Labrador ɗauko agwagwar da maharbi ya harbo yake yi, da baki mai taushi. Agwagwa ɗaya ce, amma wani kora ta yake, wani gadinta, wani janyo ta, wani ɗauko ta.

A ƙasashenmu ma an san karen aiki, ko da yake ba na kora garke ba. Bafulatani da muryarsa da sandarsa yake tafiyar da shanu, karensa na gadin ruga. Buzayen Azawak a Nijar da Mali na da dogon karensu siriri na farauta da tsaron zango, wanda duniya ta san shi da sunan yankin. Musulunci kuma ya halatta ajiye kare don kiwo da farauta da tsaron gona.

Mai sana'ar a Birtaniya yana cin abinci ta hanyoyi da dama: kuɗin wasa a bukukuwa, koyar da manoma da masu sha'awa, horar da karnukan wasu, da sayar da waɗanda ya gama horarwa. A 'yan shekarun nan an sayar da gwanin kare a kan fiye da fam 20,000, saboda manomi ya san zai ɗauke masa aikin mutane da yawa. Sai dai farin jinin na da illa. Mutanen birni kan ga wasan su sayi Border Collie su kulle a ɗaki, kare da aka halitta don wuni yana aiki ya koma bin motoci da tare yara. Shi ya sa makiyayi mai mutunci ba ya sayar da kwikwiyo sai ya tambayi mai saye aikin da zai ba shi. Wannan tambaya na cikin sana'ar kamar yadda fito da sanda ke ciki, domin amanar dabba ba ta ƙarewa ranar da aka karɓi kuɗinta.