Daga Fatar Damargu zuwa Lambunan Chalawa

Fatar akuyar da aka saya a kasuwar Tanut ko Belbeji, a yankin Damargu, takan yi doguwar tafiya. Wadda ta tsaya hannun majeman gargajiya na Damagaram, da bagaruwa ake jeme ta kamar yadda aka gada. Wadda ta ƙetara zuwa masana'antun Kano, a Chalawa ko Sharaɗa ko Bompai, galibi gishirin kuromiyam ke jiran ta. Ruwan jimar kuwa yakan gangara kogin Chalawa, na Bompai ya bi Getsi ya faɗa Jakara, inda masu lambu ke ban ruwan latas da albasa.

Kuromiyam iri biyu ne a ƙasa. Mai lamba uku, wanda ake jima da shi, yakan laƙe a wuri ɗaya, cutarsa ba ta da yawa. Mai lamba shida shi ne mugun: yana narkewa, yana bin ruwa har rijiya, yana cin fata, ƙurarsa kuma tana kawo sankarar huhu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da masu bincike Bartlett da James suka nuna a 1979, cewa manganis ɗin da ke cikin ƙasa yana iya mayar da na uku ya zama na shida. Ke nan tsohon jujin jima bai mutu ba.

Gano mai lamba shida ba ya buƙatar babban ɗakin gwaji. A ɗebi ƙasa, a girgiza ta cikin ruwan fosfet, a tace, a ɗiga asid da sinadarin diphenylcarbazide. In akwai na shida, cikin 'yan mintuna ruwan zai koma shunayya mai ja-ja. Gwargwadon duhun launin, gwargwadon yawan gubar. Na'urar hannu ta XRF ta fi sauri, amma jimillar kuromiyam kawai take faɗa, ba ta raba mai kisa da mara kisa. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga ruwan sha, miligiram 0.05 a lita, shi ma na jimilla ne.

A Hinkley ta Amurka sai da aka je kotu, kamfanin PG&E ya biya dala miliyan 333 a 1996, bayan mutane sun shafe shekaru suna shan ruwan da kuromiyam mai lamba shida ya gurɓata. Mu kuwa, kayan gwajin nan za su shiga jakar malamin gona ɗaya. Ina so in ga ana ɗibar ƙasar lambunan Chalawa da Jakara kowane rani, kafin a dasa, kuma a faɗa wa mai lambu sakamakon da Hausa, a bakin gonarsa.