Binciken Bunƙasar Bayan Gari Kafin Ƙaura: Misalin Tambuwal da Kebbe

Gabatarwa

Malamin da ya kammala karatun NCE ba kasafai yake zaɓar wa kansa wurin aiki ba. Takarda ce take zuwa daga hukumar ilimi, ta ambaci makaranta da ranar kama aiki. Idan garin ƙarami ne mai tasowa, gidajen cikin tsohon gari galibi na gado ne, cike suke da masu su. Saboda haka baƙo yakan sami masauki ne a bayan gari, wato a sababbin unguwannin da ake yankawa daga gonaki. A nan ne ma'aikaci kan zuba tanadinsa na shekaru a fili ko a haya, kuma a nan ne kuskure ya fi tsada.

Sanin Garin Tun Daga Nesa

Kebbe ƙaramar hukuma ce a kudancin Jihar Sakkwato, kuma bai kamata a rikita ta da Jihar Kebbi ba, ko da yake suna maƙwabtaka. Da aka ƙirƙiri Jihar Kebbi a 1991, sannan Jihar Zamfara a 1996, duka daga tsohuwar Jihar Sakkwato, sai ƙasar Kebbe ta zama bakin iyaka, tana maƙwabtaka da jihohin biyu. Ita da Tambuwal mazaɓa ɗaya suke a Majalisar Wakilai, wadda Aminu Waziri Tambuwal ya wakilta daga 2003 zuwa 2015.

Ƙidayar 2006 ta ba Kebbe mutum 124,658 a faɗin murabba'in kilomita 2,618, ta ba Tambuwal 224,931 a murabba'in kilomita 1,717. Ke nan kimanin mutum 48 ne a kowane murabba'in kilomita a Kebbe, alhali a Tambuwal sun kai 131. Amma waɗannan alƙaluma na ƙaramar hukuma ne gaba ɗaya, ba na gari ba, kuma sun tsufa, domin an ɗage ƙidayar da aka shirya yi a 2023. Amfaninsu kwatance ne kawai.

Abin da ya fi alƙaluma bayyana yanayin bunƙasa shi ne hanya. Tambuwal tana kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Jega zuwa Yawuri da Kontagora, kuma gari irin wannan yakan miƙe ne a tsawon kwalta, inda shaguna da gidajen mai suke jan gidaje. Kebbe kuwa tana gefe, kudu da Tambuwal, don haka kasuwa da sakatariya da makarantu ne suka fi jan gine-gine. Tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam da ke Google Earth suna nuna ɓangaren da gari ya fi faɗaɗa cikin shekaru goma.

Fili da Mai Shi

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Yankin da aka ayyana a matsayin birni, gwamna ne yake ba da izinin mallaka a cikinsa, kuma shi yake sa hannu a takardar shaidar mallaka. Wanda ba birni ba, ƙaramar hukuma tana iya ba da izini bisa al'ada. Matsalar bayan gari ita ce yana tsakanin biyun: jiya gona ce, yau an kakkafa turaku an kira ta filoti. Tambayar farko ita ce, wa ya yanka filin? Idan hukuma ce, za a sami taswirar shimfiɗa mai lamba, da wuraren da aka ware wa hanya da makaranta da maƙabarta. Idan mai gona ne da dillali, sau da yawa lungu yakan ƙare a bangon wani, babu magudanar ruwa, babu inda mota za ta juya.

Gonar gado ta fi kowace haɗari. Ɗaya daga cikin magada yana iya sayarwa tun ba a raba gado ba, bayan shekaru sauran su kai ƙara kotun shari'a, mai saye ya wayi gari da gini a kan rigima. Haka nan filin da ya hau burtali, ko ya shiga ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, ko ya matsi babbar hanya. Dokar ta ba gwamna ikon soke izini saboda maslahar jama'a, kuma diyyar da ake biya ta gini ce da amfanin da ke kai, ba ta ƙasar kanta ba. Shi ya sa ake fara tuntuɓar mai unguwa da hakimi, har zuwa uban ƙasa, kamar yadda ake kiran shugaban gunduma a ƙasar Sakkwato, sannan a tabbatar da maganarsu a sashen filaye na ƙaramar hukuma. Shaidar baki kaɗai ba ta isa ba, takarda kaɗai ma haka.

Ziyarar Gani da Ido

Mafi yawan masu neman fili da rani suke zuwa, lokacin da ko'ina ya bushe, kwari da tudu suka yi kama da juna. Wannan shi ne babban kuskure. Gulbin Zamfara yana ratsa wannan yanki a kan hanyarsa daga Gummi zuwa Jega, kuma a gefensa akwai fadamu da ƙananan rafuka da ba a ganinsu sai ruwa ya sauka. Watan Agusta ne yake tona asirin unguwa. Wanda bai sami zuwa da damina ba, sai ya karanta alamu: zanen danshi a gindin bango, ƙasa baƙa mai tsagewa, da kududdufan da aka haƙa don yin tubali. Tsofaffin manoman wurin sun fi dillali sanin inda ruwa yake kwanciya, kuma ba su da la'ada a cinikin.

Ruwan sha da wuta su ma sai an gwada. Turakun lantarki a tsaye ba shaida ba ne; ana tambayar ko akwai taransifoma, da awa nawa ake samun wuta daga Kaduna Electric, kamfanin da ke rarraba ta a Sakkwato da Kebbi da Zamfara da Kaduna. Farashin jarkar 'yan garuwa a watan Afrilu kuwa shi ne ma'aunin ƙarancin ruwa.

Akwai kuma batun tsaro. Hare-haren 'yan bindiga da suka addabi Zamfara sun taɓa ƙauyukan ƙasar Kebbe a shekarun 2020, kuma irin wannan yanayi yakan koro mutanen karkara zuwa hedikwata. Cikar unguwa cikin gaggawa, ke nan, ba kullum take nufin arziki ba. Gidan da yake shi ne na ƙarshe kafin daji ya fi araha, kuma akwai dalilin arahar. Malaman da suka riga shi zuwa za su gaya wa baƙo hanyar da ake bi, da lokacin da ake daina bin ta. Da yawa daga cikinsu sukan fara kama haya ta shekara guda, su bar iyali a gida, sai sun ga damina ɗaya ta wuce a kan filin kafin su biya kuɗinsa.