Hoton CT da Ciwon Daji: Abin da Na'urar Take Gani da Abin da Ake Ƙaga Mata

Da zarar likita ya rubuta wa mai ƙari takardar hoton CT, wanda a bakin asibiti ake cewa siti sikan, sai dangi su rabu biyu. Wasu su ce kada a yarda, na'urar ƙona jini take yi, kuma daji ba ya son a taɓa shi, da an haska shi zai fantsama. Wasu kuma su ce ai shi ke nan, hoton zai faɗi komai, in ya fito lafiya an tsira. Duka ɓangarorin sun ɗora wa na'urar aikin da ba nata ba. Aikinta shi ne ta nuna inda ƙari yake, da girmansa, da inda ya kai. Mafi yawan jita-jitar da ake yaɗawa daga rashin sanin wannan iyaka ta fito.

Na'urar kanta zobe ce babba, mai rami a tsakiya. Mara lafiya yana kwanciya a kan gado siriri, gadon ya riƙa shiga ramin a hankali, murya ta ce masa ya riƙe numfashi na 'yan daƙiƙu. A cikin zoben akwai fitilar eksire da ke zagaya jiki, kwamfuta kuma ta haɗa abin da aka ɗauka ta fitar da jikin yanka-yanka, kamar yadda ake yanka burodi a duba kowane yanki. Injiniya Godfrey Hounsfield ne ya ƙera ta a Ingila, kuma a watan Oktoban 1971 aka fara gwada ta a kan wata mata da ake zargin tana da ƙari a ƙwaƙwalwa, a asibitin Atkinson Morley da ke Landan. A 1979 ya raba kyautar Nobel da Allan Cormack.

Maganar cewa hoton yana tayar da daji ko yana yaɗa shi ba ta da tushe, amma ya kamata a fahimci dalilin da ya sa take karɓuwa. A ƙasarmu yawancin masu ciwon ba sa isa babban asibiti sai an gama zagayen jiƙe-jiƙe da shafe-shafe, ciwon ya riga ya ci jiki. Ana yin hoto sai a ga ya kai hanta ko huhu ko ƙashi, bayan 'yan watanni mara lafiya ya rasu, dangi su ce tun da aka saka shi a na'urar nan bai sake lafiya ba. Ciwon yana can tun kafin a kunna na'urar, ita dai ta tona shi ne. Akwai kuma ruɗani tsakanin hoto da gashi. Gashin da ake yi wa masu daji a wurare irin su asibitin koyarwa na Shika a Zariya magani ne, ana auna haske mai ƙarfin gaske a kan ƙarin don a kashe shi, kuma yawansa ya ninka na hoto sau dubbai. Wanda aka yi wa CT bai sha magani ba, kuma ba ya fitowa da wani haske a jikinsa, yana iya ɗaukar jariri a ranar.

Inda masu tsoro suke da gaskiya shi ne batun yawan hasken. Ana auna shi da milisibat. Eksiren ƙirji na yau da kullum kusan 0.1 ne, CT na ƙirji kuwa wajen 7, na ciki har ya kai 10. Don a gane girman wannan, kowane mutum yana samun kimanin 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama, ko bai taɓa taka asibiti ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ƙiyasta cewa hoto mai milisibat 10 yana iya ƙara haɗarin mutuwa da daji da kusan mutum 1 cikin 2,000. Yara sun fi manya rauni a nan. Wani bincike da aka buga a mujallar Lancet a 2012, kan yara da matasa kusan 180,000 a Birtaniya, ya gano ƙarin haɗarin sankarar jini da ƙarin ƙwaƙwalwa, wanda aka lissafa a kan kusan ƙarin mutum ɗaya na kowanne cikin hotunan kai 10,000 da aka yi wa ƙananan yara. Haɗarin na gaske ne, amma ƙarami ne, kuma sai bayan shekaru yake iya bayyana. A ɗora shi a sikeli da haɗarin a buɗe cikin mutum ba a san inda ƙarin ya tsaya ba, ba sai an faɗi wanda ya fi nauyi ba.

Ruwan da ake ɗura wa a jijiya kafin hoto shi ma yana da nasa labarin. Sinadarin aidin ne a cikinsa, yana sa jijiyoyin jini da ƙarin su fito fili. Mutum yakan ji ɗumi ya ratsa shi, da ɗanɗanon ƙarfe a baki, wani ma ya zaci fitsari ya kufce masa, alhali babu abin da ya faru. Ta fitsari yake fita, shi ya sa ake duba ƙoda tukuna.

Ɗaya jita-jitar ta fi waccan laushi a kunne, ita ce cewa hoto yana yanke hukunci. Na'urar siffa take gani, ba ta ganin ƙwayar halitta. Tabon tarin fuka, wanda ba baƙo ba ne a wurinmu, yana iya kama da dajin huhu a hoto, haka ma ƙurji ko kumburin kaluluwa. Abin da ke tabbatarwa shi ne a ciro ɗan nama a duba shi a madubin likita, kuma sau da yawa da CT ɗin ake jagorantar allurar zuwa wurin. Akwai togiya, a mai tsohon ciwon hanta, yadda ƙari yake shan ruwan hoton ya sake shi yakan isa a gane dajin hanta ba tare da ciro nama ba. Haka nan hoto mai kyau ba shaidar tsira ba ce. Ba da CT ake neman farkon dajin mama ko na bakin mahaifa ba, kowanne da gwajinsa. Masu kuɗin da ke biyan hoton jiki gaba ɗaya don kawai hankalinsu ya kwanta sukan sayi fargaba ne. A babban gwajin da aka yi a Amurka kan mashaya sigari fiye da 53,000, wanda sakamakonsa ya fito a 2011, hoton huhu mai ƙaramin haske ya rage mace-macen dajin huhu da kashi 20 cikin ɗari, amma fiye da kashi 90 na abubuwan da hoton ya nuna a matsayin abin zargi ba daji ba ne. Wannan fa a cikin mutanen da suka fi kowa haɗari ke nan.

Mai ƙorafi zai ce to in hoton ba ya tabbatarwa, me ya sa ake ta maimaita shi, ga tsada, ga tafiya daga ƙauye zuwa birni? Hoton farko shi ke nuna matakin ciwon, ko tiyata za ta yi amfani ko kuwa allurar daji za a fara. Na baya ana kwatanta shi da na farko ne a auna ƙarin da milimita. A ƙa'idar da likitocin daji ke bi, raguwar kashi 30 alama ce magani yana ci, ƙaruwar kashi 20 kuma alama ce a sauya shi, kada a ci gaba da zuba kuɗi a abin da ba ya aiki. Duk da haka ƙorafin yana da ƙamshin gaskiya, domin ana sake wasu hotunan ne kawai saboda tsohon ya ɓace ko an bar shi a gida. Don haka mai jinya ya adana faifan da rahoton, ya tafi da su duk asibitin da aka tura shi. Mace mai ciki ko mai zaton ciki ta faɗa tun kafin ta hau gadon, haka mai ciwon ƙoda ko na sukari. Kuma kada a ji nauyin tambayar likita abin da sakamakon hoton zai sauya a maganin da za a yi.