Idan Hancin Jariri Ya Toshe: Abin Da Ya Kamata Mu Sani



Hunturu ya shigo, hazo ya sauka daga Gaya har Ajingi. Da yawa daga cikinmu muna da ƙani ko ƙanwa jariri a gida, kuma mu ne 'yan aike da 'yan raino. Mun sha jin jaririn yana barci hancinsa yana ƙara kamar munsharin babban mutum, uwa ta kasa barci, kaka ta ce a kawo man zafi, maƙwabciya ta ce a kira wanzami. Shi ya sa a wannan makon muka ɗauko maganar toshewar hancin jarirai, domin mu san ƙarar da ba ta da illa, da wadda ake gudu asibiti saboda ita.

Me ya sa hancin jariri yake ƙara?

A watannin farko jariri ya fi yin numfashi ta hanci, bai saba buɗe baki ya sheƙa iska kamar yadda muke yi idan muna mura ba. Ga shi ƙofofin hancinsa 'yan ƙanana ne ƙwarai. 'Yar majina kaɗan, ko ɗan nonon da ya dawo bayan ya sha, ya isa ya rage hanyar iskar, sai a riƙa jin ƙara. Kuma jariri bai iya fyace majina ba. Atishawa ce kaɗai dabararsa, don haka yawan atishawa ba kullum yake nufin mura ba.

Akwai kuma jariran da ake haifa da maƙogwaro mai laushi. Su ƙararsu siririya ce, tana fita lokacin da suke jan iska, tana ƙaruwa idan suna kuka ko shan nono. Yawancinsu tana ɓacewa da kanta kafin su cika shekara 2, amma likita ne zai duba ya tabbatar.

Abubuwan da suke ƙara ta a gidajenmu

Na farko iskar hunturu, mai bushewa da ƙura. Tana busar da majina ta manne a cikin hanci. Ga ƙaiƙayin gero da ke tashi a tsakar gida lokacin sussuka da sheƙa.

Na biyu hayaƙi. Gidan da aka yi haihuwa ba ya rabuwa da wuta: itacen dafa ruwan wankan jego safe da yamma, kaskon garwashi don ɗumama ɗaki, turaren wuta saboda 'yan barka, da maganin sauro mai hayaƙi da dare. Duk wannan jariri ne yake shaƙa. Garwashi a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga ya fi haɗari, domin yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, tana iya kashe babba ma balle jariri.

Na uku mu da kanmu. Mukan kwaso mura a aji, mu dawo gida mu ɗauki jariri mu sumbace shi ba tare da mun wanke hannu ba. Murar da za ta sa mu atishawa kwana uku tana iya sauka a ƙirjin jariri.

Taimakon da za a iya yi a gida

Idan jariri yana kama nono sosai, jikinsa ba zafi, yana barci yana farkawa kamar kullum, to ƙarar hanci kaɗai ba abin tsoro ba ce. Ga abin da ma'aikatan lafiya suke koyarwa:

1. A ci gaba da ba shi nonon uwa zalla har wata 6. Idan hancin yana hana shi tsotsa, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, akai-akai.
2. A nemi ruwan gishiri na ɗigawa a hanci a asibiti ko kemis. Ɗigo ɗaya ko biyu a kowace ƙofa kafin shan nono yana jiƙa majinar ta fito. A goge da tsumma mai laushi da tsabta.
3. Idan idonsa biyu, a saɓa shi a kafaɗa. Idan zai yi barci, a kwantar da shi rigingine a shimfiɗa, ba matashi.
4. A fitar da kasko da turaren wuta waje, a kafa gidan sauro maimakon kunna magani. A yayyafa ruwa kafin shara, jariri kuma yana wani ɗakin.
5. Duk wanda zai ɗauke shi ya wanke hannu da sabulu. Mai mura ya yi barka daga nesa.

Abin da ba a yi

Ba a shafa wa jariri man zafi a hanci ko a ƙirji, domin yana iya ƙara masa majina da wahalar numfashi. Ba a ɗura masa mai ko jiƙo a hanci, ba a cusa tsinke ko auduga. Ba a turara shi a kan tukunyar ruwan zafi. Ba a ba shi maganin mura da tari na kemis sai likita ya rubuta, kuma zuma sai ya cika shekara ɗaya. Cire beli ba ya buɗe hanci. Abin da yake iya jawowa shi ne zubar jini da shigar ƙwayar cuta. Mun san ba mu isa mu yi musu da kakanninmu ba, amma za mu iya cewa cikin ladabi: "Inna, a bari mu fara kai shi asibiti a duba."

Mu koyi ƙirga numfashi

Wannan aiki ne da ɗan aji ɗaya ma zai iya. A jira jariri ya natsu ko ya yi barci, a ɗaga rigarsa, a kalli cikinsa. Ɗagawa da sauka ɗaya, numfashi ɗaya ke nan. A ƙirga har minti ɗaya cif da agogon waya, ba rabin minti ba, domin jarirai sukan yi sauri, su ɗan tsaya na 'yan daƙiƙoƙi, su ci gaba.

Mu da muke shekara 13 ba mu cika wuce numfashi 20 a minti ba idan muna zaune. Sabon jariri kuwa yana yin 40 zuwa kusan 60. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan jaririn da bai kai wata 2 ba ya yi 60 ko fiye, a sake ƙirgawa. Idan har yanzu haka ne, numfashinsa ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa shekara ɗaya iyakar 50 ce.

Alamomin da ba a jira gari ya waye

A tafi asibiti nan take idan numfashin ya kai wannan adadi, ko ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa sosai idan ya ja iska, ko ƙofofin hancinsa suna buɗewa suna rufewa, ko yana nishi da kowane numfashi. Haka kuma idan ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko leɓensa da harshensa sun koma shuɗi-shuɗi, ko yana jijjiga, ko ba ya motsi sai an taɓa shi.

Waɗannan alamomi suna iya nuna ciwon limoniya, wanda wasu suke kira sanyin haƙarƙari. Hukumar UNICEF ta ƙiyasta cewa a shekarar 2018 ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 har 162,000 a Najeriya, fiye da kowace ƙasa a duniya. Alhali yana da magani idan an je da wuri, yana kuma da riga-kafi da ake yi kyauta a sati 6, sati 10 da sati 14.

Wanda yake Kademi, Toranke, Balare ko Gafasa ya fara da asibitin da ya fi kusa da shi. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura shi Babban Asibitin Gaya, ko cikin Kano, kamar asibitin yara na Hasiya Bayero. A hanya uwa ta rungume jariri a ƙirjinta don ɗumi, ta ci gaba da ba shi nono idan yana karɓa. Yana da kyau tun ranar haihuwa a ajiye lambar mai babur ko mai mota a unguwa, domin neman abin hawa da tsakar dare yana cinye lokaci.

Muna roƙon kowane ɗalibi da yake da jariri a gida ya gwada ƙirgar nan yau da daddare, ya koya wa mahaifiyarsa, ya kuma duba katin riga-kafi ya ga ko an tsallake wata allura. Allah ya raya mana ƙannenmu, ya ba su lafiya. Amin.